Babi na Shida: Wa Ke Yanke Hukunci a Cikin Labari?

A watan Janairun 2024 aka sanar da wadda ta ci kyautar Akutagawa, wadda ake ba marubuta masu tasowa a ƙasar Japan tun 1935, kuma babu kyautar adabin da ta fi ta kwarjini a can. Rie Kudan ce, mai shekara 33. Littafinta labarin wata mai zanen gine-gine ne da aka ɗora wa aikin tsara wani dogon bene a tsakiyar birnin Tokyo, kurkuku ne amma na jin daɗi, inda za a tara masu laifi a tausaya musu maimakon a hukunta su. Alƙalan gasa sun yaba. Sai ga marubuciyar a gaban 'yan jarida ta faɗa da bakinta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na littafin daga ChatGPT ta kwaso shi kai tsaye. Kafin a ce haka magana ta zaga duniya. Wasu suka ce an ci amanar adabi, wasu suka ce kwanan marubuci ya ƙare. Abin da masu surutun ba su tsaya dubawa ba shi ne inda wannan kashi 5 ɗin yake. A cikin labarin akwai wata manhajar hira da taurarin ke yi wa tambayoyi, kuma littafin kansa suka yake yi ga irin harshen nan mai santsi, mai gudun ɓata wa kowa, wanda ba ya kiran abu da sunansa. Kudan ta bayyana daga baya cewa amsoshin wannan manhaja ta cikin labari su ne ta ɗauko daga na'ura. Muryar na'ura take buƙata a wurin, sai ta je ta karɓo daga bakin mai ita. Ita ta zaɓi inda za a sa, ita ta san dalili, kuma dalilin yana cikin jigon littafin.

Saboda haka lissafin kashi-kashi ba ya auna komai a wannan batu. Marubuci na iya karɓar jimla ɗaya tak daga na'ura ya zama ya sallama littafinsa gaba ɗaya, idan jimlar ita ce ta yanke cewa matar za ta yafe wa mijinta a babin ƙarshe. Wani kuma zai wuni da manhajar a buɗe, yana tambayarta wannan yana sa ta duba wancan, amma babu hukunci ko ɗaya na labarin da ya fita daga hannunsa. Abin da nake son kafawa a wannan babi shi ne, ƙirƙirarriyar basira tana da amfani na gaske ga mai rubuta ƙagaggen labari, amma amfanin yana nan ne a ayyukan da marubuci zai iya duba sakamakonsu ya ce daidai ne ko kuskure ne. Inda aikin zaɓi ne, wato wace kalma, wane hali, me zai faru, me za a ɓoye wa mai karatu, to duk abin da aka miƙa mata an rage shi ne daga littafin, ko da shafin ya fito sumul.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina ta. Waɗannan manhajoji, irin su ChatGPT da kamfanin OpenAI ya saki a ƙarshen Nuwamban 2022, da Claude da Gemini da Meta AI da ta shigo cikin WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a 2024, an ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa, aka horar da su a kan aiki guda: idan an ba su farkon magana su yi hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Daga nan aka sa mutane suna duba amsoshinsu suna zaɓen wanda ya fi daɗin ji, har suka koyi ladabi da son faranta wa mai tambaya. Wasu masana, cikinsu har da Emily Bender da Timnit Gebru, sun kira irin wannan na'ura aku a wata maƙala ta 2021, kuma mai karatun Hausa ba zai rasa yin murmushi ba, tunda a Magana Jari Ce ma aku ne mai ba da labari. Sai dai akun Abubakar Imam yana da manufa, so yake ya riƙe ɗan sarki kada ya fita daga gida, kowane labari da abin da yake nema da shi. Na'ura ba ta neman komai da labarinta. Abin da ta ƙware a kai shi ne gano hanyar da ƙafa ta fi takawa. Idan an ce yarinya marainiya ce a hannun kishiyar uwa, ta san abin da ya saba biyo baya a dubban labarai, shi za ta kawo. Marubucin kirki kuwa a daidai nan yake tsayawa ya ce, to idan kishiyar uwar ce kaɗai mai ƙaunarta a gidan fa? Marubucin nan na Amurka, Ted Chiang, ya yi nuni a wata maƙalarsa ta 2024 cewa labari mai kalma dubu goma yana ɗauke da zaɓi kusan dubu goma, kuma wanda ya rubuta umarni mai kalma ɗari ya bar wa na'ura sauran, zaɓi ɗari kawai ya yi. Sauran ta cike su ne da abin da aka saba.

Ba zato ba ne wannan, an gwada. A 2024 mujallar Science Advances ta buga binciken Anil Doshi da Oliver Hauser, malamai a jami'o'in Birtaniya. Sun sa mutum kusan 300 kowa ya rubuta gajeren labari mai jimla takwas. Wasu ba a ba su taimakon komai ba, wasu an ba su damar karɓar shawara ɗaya daga na'ura, wasu har biyar. Sannan aka ba mutum 600 su karanta su auna. Labaran da aka samu taimakon na'ura sun fi samun yabo, musamman na waɗanda dama ƙirƙirarsu ba ta da ƙarfi. Masu ƙarfin ƙirƙira kuwa kusan babu abin da suka ƙaru da shi. Amma da aka jera labaran aka kwatanta, sai aka ga waɗanda na'ura ta sa wa hannu sun fi kama da juna. Kowa ya ci riba shi kaɗai, jama'a ta yi asara. Editoci sun riga masu bincike ganin haka. A Fabrairun 2023 Neil Clarke, editan mujallar Clarkesworld mai buga ƙagaggun labaran kimiyya, ya rufe karɓar rubutu na ɗan lokaci saboda labaran na'ura sama da 500 da suka kwararo masa a wata guda. A Satumbar shekarar kamfanin Amazon ya ƙayyade wa masu buga littafi da kansu guda uku a rana. A tsaya a nan a yi tunani: uku a rana shi ne aka ga ya dace a kira ƙayyadewa.

To ina amfanin yake? Mu ɗauki marubuciyar Hausa ta yau, magajiyar su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, wadda ba ta kai littafinta kasuwar Kano sai dai ta saki shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, masu karatu su biya su shiga guruf. Da babban yatsa take rubutu a waya, sau da yawa bayan yara sun yi barci. Labarin ya kai shafi 120, gidan Alhaji ne mai mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, ga dangin kowace mata, ga abokan kasuwanci. Ba ta da edita, ba ta da wanda zai karanta mata kafin ta saki. A shafi na 14 ta ce mahaifin amarya ya rasu tana goye. A shafi na 87 ga shi yana karɓar sadaki. Yaron da aka haifa da azumi an yi sunansa ana shirin babbar salla. Irin wannan tuntuɓe ba rashin basira ba ne, nauyi ne ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa, kuma masu karatu ba sa yafewa, a take za su cika guruf da gyara. A nan na'ura tana da ranar da babu mai musu. Manhajojin yanzu suna iya ɗaukar littafi sukutum a zama ɗaya. Ana iya ce mata ta jero duk taurarin da dangantakarsu da shafin da kowa ya fara fitowa, ta tsara abubuwan da suka faru bisa watanni, ta nuna inda magana biyu suka ci karo. Tana kuskure a nan ma, amma kuskure ne mai kamuwa: ta ce shafi na 87, ka buɗe ka gani da idonka. Haka taƙaita labari don aika wa maɗaba'a ko furodusan fim, da kamo kalmar da marubuci ya maimaita sau arba'in bai sani ba, da lissafin ko babi na tara ya ninka sauran tsawo. Matsayinta a nan na yaron maƙera ne mai zuga: wuta ba ta ci sai da shi, amma ba shi ke riƙe da masaba ba, kuma ba shi ke cewa fartanya za a ƙera ko lauje ba.

Amfani na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne aka fi yi wa bahaguwar fahimta. Marubuci kan kai wurin da labari ya cije. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya ce da na'ura, me zai faru gaba? Wannan ita ce tambayar da bai kamata ya yi ba. Wadda ta fi ita ce ya juya kujerar, ya ce ita ta yi masa tambayoyi a kan taurarinsa. Me ya sa uwargida ta yi shiru da aka zo da maganar auren? Wa ta sani a gidan da zai iya tona mata asiri? Me take tsoron rasawa, mijin ko ɗakin? Amsoshin daga cikinsa za su fito, kuma sau da yawa a tsakiyar amsawa ne ƙullin ke warwarewa. Akwai ma wata dabara da ta fi ban sha'awa: ka bar ta ta jero hanyoyi goma da labarin zai iya bi, sannan ka ɗauke su a matsayin jerin abin da mai karatu ya riga ya hango, ka nemi ta goma sha ɗaya. Abin da ba a nema a wurinta shi ne hukuncin ko rubutu ya yi kyau. An gina ta ne da son faranta rai, har ta kai a Afrilun 2025 kamfanin OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda fadancinsa ya yi yawa. Wanda ya tambaye ta ko babinsa ya yi armashi zai ji abin da yake son ji. A ɓangaren bincike kuwa sai da taka-tsantsan, don idan ba ta sani ba ƙirƙira take yi, da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta fitar da jerin littattafai 15 da take ba masu karatu shawarar nema, ashe 10 daga ciki babu su a duniya, na'ura ce ta ƙaga su ta jingina wa marubuta na gaske. Mai rubuta labarin da ya faru a Kano ta 1903, ko a hanyar fataken goro zuwa Gwanja, zai iya sa ta nuna masa abin da ya kamata ya bincika, amma amsar sai a littattafan tarihi da bakin dattawa.

Duk wannan ya shafi marubucin kowane harshe. Na Hausa yana da ƙarin dalili. Mafi yawan abin da aka ciyar da waɗannan na'urori Ingilishi ne, Hausa ɗan tsiririn kaso ce, kuma abin da ke fili a intanet na Hausar yawancinsa labaran kafofin watsa labarai ne da rubutun da aka fassaro. Hausar tsakar gida, ta habaici da zambo da gatse, ta kishiyoyi da 'yan tasha da zaman majalisa, ba ta isa gare ta sosai ba. Shi ya sa sau da yawa idan ta rubuta fage da Hausa za ka ji ƙashin Ingilishi a ƙarƙashin fatar. Za ta ce zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya inda Bahaushe zai ce gabanta ya faɗi, ta ce ya share maƙogwaronsa inda ake cewa ya yi gyaran murya. Waɗannan masu sauƙin kamawa ne. Mai wuyar shi ne abin da ba kalma ba. Ka ce ta rubuta maka uwa tana sallamar ɗanta na fari zai tafi karatu Masar. Abin da za ta fi saurin kawowa shi ne uwa ta rungume shi, ta kira sunansa, ta ce tana ƙaunarsa tana alfahari da shi. Nahawu lafiya lau, amma wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san ba a unguwarsu aka haifi wannan uwar ba. Wadda ya sani ba ta kama sunan ɗan fari. Tana duƙe tana ƙulle masa yaji da kuka da ƙuli-ƙuli a leda, tana faɗan ya bar rigar sanyinsa a kan igiya, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai a bakin zaure ta ce Allah ya tsare, ta juya ta shige ɗaki da sauri kafin a ga idonta. Tabbas akwai iyaye mata na birni a yau da ke rungumar 'ya'yansu su kira sunansu, kuma su ma Hausawa ne. Amma sanin wace ce daga cikin biyun ke tsaye a wannan fage, da abin da hakan ke faɗa game da gidan, shi ne aikin da ake kira rubutu. Wanda ya karɓi ta farko don ita aka miƙo masa, bai zaɓa ba.

Za a ce, ai marubuta tun fil azal aro suke yi. Gaskiya ne, kuma adabinmu na boko da aro ya soma. Magana Jari Ce, da ya fito a ƙarshen shekarun 1930 daga Zariya, labarai da dama a cikinsa an samo tushensu ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm na Jamus da wasu littattafan gabas da yamma, waɗanda Imam ya karanta lokacin da yake aiki da Rupert East. Babu mai hankalin da ya ce littafin ba nasa ba ne. To me ya bambanta shi da wanda ya ari labari daga na'ura? Abin da ya bambanta su shi ne wane ɓangare aka ara. Imam ƙashin labari ya ɗauko, sannan kowace jimla, kowane suna, kowace ba'a da karin magana ya zuba daga cikinsa, har yaron da ya karanta a firamare bai taɓa zargin labarin baƙo ne ba. Mai amfani da na'ura yawanci akasin haka yake yi: shi ke kawo ƙashin, wanda kowa ma zai iya kawowa, ya bar mata naman. Wannan hujja idan aka bi ta da kyau goyon bayan matsayina take yi. Wanda zai ɗauki tunanin da na'ura ta jefo ya yi masa irin aikin da Imam ya yi wa Grimm, babu abin da zan ce da shi sai sannu da aiki.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce, wani lokaci jimlar na'ura tana da kyau da gaske. Vauhini Vara, marubuciya a Amurka, ta daɗe ta kasa rubutu a kan rasuwar 'yar'uwarta da ciwon daji ya ɗauka. A 2021 ta buga wata maƙala a mujallar The Believer inda take fara labarin, na'urar GPT-3 ta ƙarasa, sau tara. Kowane karo na'urar sai ta ƙago abin da bai faru ba, ita kuma ganin ƙaryar sai ya tunzura ta ta ƙara rubuta gaskiyar da kanta, har a karo na ƙarshe kusan duka nata ne. Maƙalar ta yi suna ƙwarai. Daga baya Vara ta bayyana cewa wurin da masu karatu suka fi so na'ura ce ta rubuta shi, kuma yana siffanta wani abu mai taushi tsakaninta da 'yar'uwar wanda bai taɓa faruwa ba, ba kuma halinsu ba ne. Ba zan ɓoye cewa wannan yana da wuyar amsawa ba. Idan ta taɓa zuciyar mai karatu, wa ya damu da inda ta fito? Amsata ita ce, ta taɓa zuciya ne saboda ita ce siffar baƙin cikin da kowa ya riga ya sani, kuma wurin da ta zauna akwai wani abu na waɗannan 'yan'uwa biyu kaɗai da ya rasa mazauni. A maƙala guda wadda dama gwajin na'urar ne jigonta, wannan ya zama ɓangaren ma'anarta. A littafi mai shafi 300 da aka cika da irin waɗannan jimloli, mai karatu zai yi ta gyaɗa kai har ƙarshe, ya rufe bai haɗu da kowa ba. Abin lura kuma, babban amfanin da na'urar ta yi wa Vara shi ne kuskuren da ta yi ta yi.

Sai maganar talauci da lokaci. A 2024 ƙungiyar NaNoWriMo, mai zaburar da mutane su rubuta kalma 50,000 a watan Nuwamba, ta ce la'antar wannan fasaha baki ɗaya yana ɗauke da wariya ga marasa hali da masu lalura. Marubuta da dama suka fusata suka janye daga gare ta, kuma a 2025 ta rufe, ga matsalar kuɗi ga rigingimun da suka dabaibaye ta. Amma ƙashin maganar yana da gaskiya. Wanda ke da edita da mai gyaran rubutu da abokai marubuta bai kamata ya yi wa wadda ba ta da kowa wa'azin tsarki ba. Sai dai a duba abin da ta rasa: edita ta rasa, ba basira ba. Aikin editan ne ya kamata na'ura ta toshe, kuma shi na bayyana a sama. Idan kuwa matsin masu karatu ne, masu cewa yau ba a saki shafi ba, ya sa ta fara barin na'ura ta cike mata, to ta san abin da take sayarwa. Masu biyan kuɗi su shiga guruf ɗinta suna da Meta AI a wayarsu su ma; abin da ba su da shi ita ce. Ga kuma doka. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana a Janairun 2025 cewa ba da umarni kaɗai bai isa ya mai da mutum mawallafin abin da na'ura ta fitar ba, sai abin da ɗan Adam ya rubuta ko ya tsara ko ya sauya da hannunsa. Dokar Najeriya ta 2022 ma tana neman a ga an yi wani ƙoƙari da ya ba aikin siffar asali. A kasuwar da satar fasaha ta riga ta yi wa katutu, raunana hujjarka ta mallaka ba dabara ba ce.

Daga ɗaya gefen akwai masu cewa ko taɓa ta bai halatta ga marubuci ba, tunda da littattafan 'yan'uwansa aka yi ta ba da izini ba. Wannan ba ƙage ba ne. A Satumbar 2023 ƙungiyar marubutan Amurka da mutane irin su John Grisham da George R. R. Martin suka maka OpenAI a kotu. A 2025, a wata shari'ar daban da aka yi da kamfanin Anthropic, wani alƙali a Kalifoniya ya yanke cewa horar da na'ura da littafin da aka saya bai saɓa doka ba, amma tara kwafin sata ya saɓa, kuma kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.5, kimanin dala 3,000 a kan kowane littafi. Wanda ya ƙaurace mata saboda wannan yana da hujja, ban kuma ga laifinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ƙauracewar ma'aunin wane ne marubuci na gaske. Haƙƙin da aka danne, a kotu da majalisa da ƙungiyoyin marubuta ake ƙwato shi, ba ta hanyar hana wata baiwar Allah a Gusau duba ko ta kashe tauraro sau biyu ba.

An kuma ce duk wannan na ɗan lokaci ne, gobe za ta iya Hausa kamar jakin Kano, ta san kunyar ɗan fari da komai. Mai yiwuwa ne, kuma a wajen gyaran rubutu da kama ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ zai zama alheri. Amma ƙwarewarta ba ta taɓa tushen maganar. Ko da ta iya rubuta iyaye mata iri ashirin, kowace daidai da gidanta, sai an samu wanda zai ce wannan ce, saboda wani abu da ya gani a rayuwa yake son faɗa. Abin da ƙwarewar za ta sauya shi ne wahalar ganewa daga waje, kuma nan ne masu shirya gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka faro a 2016, da maɗaba'u da ƙungiyoyin marubuta ke da aiki a gabansu. Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne. OpenAI da kansa ya janye nasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Ƙa'idar Amazon, wadda ta raba abin da na'ura ta rubuta, da dole a bayyana wa kamfanin, da abin da ta taimaka aka gyara, ta fi kusa da hankali, ko da yake a kan amana ta dogara. Mai shirya gasa na iya ƙara abu biyu masu araha: ya nemi a ajiye rubutun farko da gyare-gyarensa, sannan ya zauna da waɗanda suka kai zagayen ƙarshe ya tambaye su dalilin abin da ke cikin labarinsu, me ya sa aka fara daga ranar biki ba daga neman aure ba, me ya sa ƙanen miji bai yi magana ba a babi na uku. Wanda ya yi zaɓin da kansa zai amsa har ya ƙara da hanyoyin da ya gwada ya watsar. Wanda aka zaɓar wa, yawanci a tambaya ta biyu ake gane shi.